Ranar da Galiyam Ya Narke a Tafin Hannunmu

Laraba da dare.

Har yanzu akwai ɗan toka-toka a tafin hannuna na dama. Sau biyu ina wankewa da sabulu, ya ragu amma bai fita duka ba. Tabon wani ƙarfe ne mai suna galiyam, kuma ina kallonsa ina jin daɗi.

Yau na cika wa 'yan ajina alkawarin da na ɗauka tun farkon zango, na kai musu guntun galiyam ɗin da na daɗe ina ɓoyo. Bai kai kan babban yatsa ba. A firji ya kwana cikin 'yar kwalbar roba, da safe na tura kwalbar cikin ƙanƙara na ɗauko. A roba ake ajiye shi saboda yana kumbura idan ya daskare, kamar yadda ruwa yake yi, yana iya fasa gilashi.

Kafin in fito da shi na ce kowa ya dubi jadawalin sinadarai da ke bango, ya faɗi wanda ya fi so da dalilinsa. Sai aji ya yi tsit. Wannan shirun ya ɗan taɓa min zuciya, domin yaran nan za su iya jero min ashirin na farko a kā ba tuntuɓe, amma ba a taɓa tambayarsu ko akwai wanda ya kwanta musu a rai ba. Haddar suke yi kamar lambar wayar mutumin da ba su sani ba.

Can sai wani ya ce zinariya, aka yi ta maimaitawa. Na ce na yarda, amma a ƙara da cewa ba ta tsatsa, kuma giram ɗaya nata ana iya buga shi ya yi faɗin kusan murabba'in mita guda. Wata ta ce kabon, domin shi ne gawayi, shi ne bakin fensir, shi ne kuma daimon. Na ce mata ta gama magana. Wani ya zaɓi hiliyam saboda yadda yake siranta murya, na ja masa kunne kan shaƙarsa, sannan na gaya musu cewa a hasken rana aka fara ganin alamarsa a 1868, sai a 1895 William Ramsay ya same shi a cikin wani dutse a doron ƙasa. Sai na ƙarshen benci ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Malam, ni agon, don na ji an ce ma'anar sunansa rago." Aji ya kece da dariya. Gaskiyarsa ce kuwa, daga Girkanci sunan ya fito, an kira shi haka ne saboda ba ya haɗuwa da kowa. Na ce musu an taɓa ba agon labarin ban dariya, ko gezau bai yi ba. Waɗanda suka tuna darasin iskokin rukuni na 18 su suka fara darawa, sauran suka biyo baya.

Daga nan suka ce, "Malam, saura kai." Na buɗe kwalbar.

Na ɗora shi a tafin hannuna na rufe, na ci gaba da magana. Da farko sanyi ƙalau, mai tauri, mai ƙyalli kamar azurfa. Bayan 'yan mintoci na ji gefensa ya fara santsi. Da na buɗe hannu, ƙasansa ya jiƙe, sauran guntun yana iyo a cikin ɗan tafkin kansa kamar ƙanƙara a kofi. Na karkata hannu, ɗigon ya gangara ta layin tafina ya taru a tsakiya, yana rawa, fitilar ajin tana haskawa a jikinsa. Wata ta ja da baya ta ce, "Zaiba ce!" Na ce a'a, zaiba guba ce, ba mai sa ta a hannu. Wannan yana narkewa ne a digiri 29.8, jikin mutum kuwa yana wajen 37, shi ya sa ɗumin hannu kaɗai ya ishe shi. Amma kafin ya tafasa sai an haura digiri 2,000. Na bar su suka taɓa ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kansu har kowa ya wanke hannu, na kuma hana a kusantar da shi ga duk abin da aka yi da alminiyam, domin yana ratsa shi ya mayar da shi mai gautsi.

Narkewar ce take jan ido, amma ba ita ce ta sa nake ƙaunarsa ba. Ina ƙaunarsa ne don an san shi tun kafin a gan shi. Lokacin da Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara jadawalinsa a 1869, sinadarai sittin da 'yan kai kawai aka sani. Da ya zo ƙarƙashin alminiyam bai ga wanda ya dace da gurbin ba, sai ya bar wurin fayau, ya ce mai wurin yana nan tafe. A 1871 har siffanta shi ya yi: nauyin ƙwayar zarrarsa zai kai wajen 68, zai narke da ɗan zafi kaɗan, kuma kowane guntunsa mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri zai yi giram 5.9. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, yana binciken dutsen zinki daga tsaunukan Firenis, ya hango layuka biyu masu launin shuɗi-shuɗi da ja-ja a na'urar tantance haske, layukan da ba na kowa ba. Ya tace ƙarfen, ya auna, ya samu 4.7. Mendeleev, wanda ko ƙyallinsa bai taɓa gani ba, ya aika cewa a sake aunawa, samfurin bai tsarkaka ba. Aka ƙara tacewa, aka sake aunawa, ya fito 5.9.

Duk shekara ina ba da wannan labarin, kuma duk shekara tsigar jikina sai ta tashi a daidai wurin. Mutum ya amince da tsarin da ya gani a halitta har ya gyara wa mai riƙe da abin a hannu. Yau kuma ga mai gurbin nan, lamba 31, yana yawo a tafin yara. Na nuna musu farar fitilar da ke saman kanmu na ce akwai shi a ciki, haɗe da naitirojin, kuma aikin shuɗiyar fitilar da ta haifar da irinta shi ya ba wasu masana uku haifaffun Japan kyautar Nobel a 2014.

Barkwanci ma bai bar galiyam ba. Lecoq ya ce ya sa masa sunan ne don ƙasarsa, wadda ake kira Gallia da Latin. Sai mutane suka lura cewa sunansa da Faransanci yana nufin zakara, zakara kuwa da Latin gallus ne, suka ce kansa ya yi wa takwara a ɓoye. Ya musanta. Akwai kuma tsohuwar tsokanar masu ɗakin gwaji, a ƙera cokali da galiyam a miƙa wa baƙo ya juya abin sha mai zafi, ya ɗago ya ga sai mariƙi.

Abin da ya faru a minti goma sha biyar na ƙarshe ban shirya shi ba. Yawancin barkwancin kemistiri da na sani a kan kalmomin Turanci aka gina su, kafin ka gama fassarawa dariyar ta huce. Ina rubuta Ga, alamar galiyam, a allo, sai mai agon ɗin nan ya ce, "Malam, sa nikel a gabansa." Na rubuta Ga Ni. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ga ni!" Shi ke nan, kamar an buɗe dam. Kowa ya juya ga jadawali yana farautar Hausa a ciki. Bariyam biyu suka ba da BaBa. Rediyam da sodiyam suka ba da RaNa. Tongistin da yuraniyam da tantalam suka haɗa WUTa. Maza suka ɗauki Ni Ne, mata suka ce nasu Ni Ce, da seriyam, sinadarin da ko sunansa ba mu kai ba a manhaja. Da na ce akwai aikin gida, wata ta zo allo ta rubuta Ba Na S O, ta koma ta zauna. Wani ya fara jero I Na S O N K I, na karɓe allin na ce wannan a bari sai an girma.

Wanda ya fi burge ni shi ne da suka so rubuta "na ji" suka kasa. Suka bi gidaje 118 ɗin nan kaf, babu harafin J ko ɗaya. Sai wata ta ce, "Malam, ashe a nan ma gani ya kori ji." Na daɗe ban yi dariya har da hawaye a gaban aji ba sai yau. Kuma ina lura da su, a cikin wannan wasan sun karanta jadawalin daga sama har ƙasa fiye da yadda suka yi a zangon gaba ɗaya, har suna tambayar me ya sa sodiyam yake Na. Na ce daga natrium ne, sunan da ya samo asali daga kalmar kanwa a tsofaffin harsuna. Aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Galiyam ɗin ya ƙi daskarewa da na dawo da shi, halinsa ne, yakan zauna a narke ko da sanyi ya kai. Yana firji yanzu, gobe zan duba.

Ɗazu ina duba littattafan aikinsu, na zo kan na wata yarinya da ba ta cika magana ba, wadda yau ma ba ta ce uffan ba, ta dai taɓa ƙarfen da ɗan yatsa ta daɗe tana kallon yatsan. A ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta lambobi uku da fensir: 11, 31, 10. Na ɗauka lissafi ne ta bari bai ƙarasa ba, har na ɗaga jan biro. Sai na tsaya, na jawo jadawali. Sodiyam, galiyam, niyon. Na Ga Ne.