Saitin inji daga nesa ko a gareji: yadda na yi da Golf 5 GTI a Birnin Kebbi

Motar Golf 5 GTI ce 'yar Amurka, injin 2.0 TFSI mai lambar BPY, giyar hannu, ƙarfin doki 200 yadda ta fito daga kamfani. Ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, Bosch MED9.1 ce. Na sauya bututun salansa na bayan turbo da mai faɗin inci 3, na sa babbar intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji. Da zarar an taɓa waɗannan, lissafin da kamfani ya zuba wa ƙwaƙwalwar ya daina dacewa da iskar da ke shiga da hayaƙin da ke fita, dole a sake saiti. Ko dai ka ɗauki mota ka kai wa mai saiti ya zauna a cikinta, ko ku yi ta intanet yana can kana nan. Na yi duka biyun a kan mota ɗaya.

Na fara da na nesa saboda tazara. Daga nan zuwa Abuja ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora da Minna ya haura kilomita 600, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwa da dawowa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tsarin ba wuya. Kana jona na'ura a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari, ka tura wa mai saiti bayanan ƙwaƙwalwar, ya aiko da sabon fayil, ka ɗora, ka hau titi ka ɗauko rikodin yadda injin ya yi, ka mayar masa, ya gyara. Haka za ku yi ta yi sau uku ko huɗu.

Lokacin ɗora fayil shi ne mafi haɗari, kuma kai kaɗai ne a wurin. Ana yi ne inji a kashe, makulli a kunne, saboda haka batir kaɗai ke riƙe da komai. In wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya ƙin tashi, sai an ciro ta an buɗe an farfaɗo da ita a kan tebur. Ni ba na dogara da wutar gari a wannan aiki. Nakan jona batir na biyu mai cikakken caji da wayar jamfa, in kashe fitilu, rediyo da fankar ciki, in cika cajin kwamfuta in hana ta barci. Fayil na asali kuwa a ajiye shi wuri biyu kafin a taɓa komai. Na'urar jabu ta kasuwa mai araha, a bar ta inda aka gan ta.

Rikodin da VCDS nake ɗauka, wato manhajar kwamfuta mai karanta bayanan motocin Volkswagen rukuni-rukuni. Rukuni 020 yana nuna digirin da ƙwaƙwalwa ke janye taimin, wato lokacin kunna wutar fulogi, a kowace silinda, 115 matsin iskar da aka nema da wanda aka samu, 118 zafin iskar da ke shiga da aikin bawul ɗin N75 mai daidaita matsin turbo, 230 matsin fetur a bututun nozul, 032 kuma gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa yawan fetur na dogon lokaci. Kada a haɗa rukuni sama da biyu a ja ɗaya, domin kowane ƙari yana rage saurin ɗaukar bayanin. A giya ta uku ake yi, daga juyi 2,000 a taka totur har ƙasa zuwa 6,500 ba tare da ɗaga ƙafa ba. A wannan motar ƙarshen giya ta uku ya wuce kilomita 130 a awa, don haka wani ne zai riƙe kwamfuta, kuma sai shimfiɗaɗɗen wuri da kake hango nesa, ba kusa da ƙauye ba, ba ranar kasuwa ba. Shanu da masu babur ba su san kana ɗaukar rikodi ba. Wuri ɗaya nake amfani da shi kullum a hanyar Kalgo, zuwa da dawowa, don a iya kwatanta ja da ja.

Matsala ta farko daga lambar oktan ta fito, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi bai fashe da kansa ba. Mai saitin yana Amurka, ya tambayi man da nake sha, na rubuta 91. Ashe 91 ɗinsu ba namu ba ne. Mu ma'aunin RON muke bi kamar Turai, su kuma matsakaicin RON da wani ma'aunin mai suna MON suke rubutawa a jikin famfo. 91 na Amurka ya kai kusan 95 a namu, 91 namu kuwa kusan 87 ne a wurinsu, wato mafi ƙarancin man da suke sayarwa a yawancin gidajen mai. Ya zuba taimin na mai mai kyau, ni kuma na zuba man gari. A ja na farko rukuni 020 ya nuna janyewar digiri 7 zuwa 9 a duka silinda huɗu tsakanin juyi 3,000 da 4,500.

Ga abin da wannan lamba ke nufi. Idan zafi da matsi suka yi yawa a silinda, ragowar cakuɗen mai da iska yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ya doki kan fistin kamar guduma. Sensa na jin wannan dukan, sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wutar don ta ceci injin. Ba shi ne abin da muke cewa inji ya buga ba, amma hanyar zuwa can ce. Digiri 2 ko 3 jefi-jefi a silinda ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. In ya wuce 6 a dukansu, a ɗaga ƙafa. Kuma da kunne ba lallai ka ji ba, motar ma a lokacin gudu take kamar babu komai. Da na yi masa bayani ya rage taimin, ya ƙara mai kaɗan a sama, lambar ta sauko ƙasa da 3.

A nan ne na ga inda saitin nesa ya fi, kuma ban taɓa jin an faɗe shi ba: a kan manka da zafin garinka ake yin sa. Rikodin da na ɗauka da sanyin safiyar hunturu tas yake. Fayil ɗin nan dai, a Afrilu da azahar, gari ya haura digiri 40, iskar da ke shiga inji ta kusa 60 bayan ja biyu a jere, janyewar taimin ta dawo 5. Wanda ya yi saiti a Disamba ya ce ya gama, bazara za ta nuna masa bai gama ba. Rikodin da za a gina saiti a kansa shi ne na rana mafi zafi, da man gidan da ka saba sha. Man 'yan bumburutu na galan kuwa bai dace da motar da aka ƙara wa matsi ba ko kaɗan.

Matsala ta biyu ita ta kai ni Abuja. Ƙwaƙwalwa na neman matsin iska milibar 2,300, ana samun 1,950, N75 kuma yana aiki sama da kashi 90 cikin 100. A lura, lambar VCDS ta haɗa da matsin iskar duniya na kusan 1,000, wato 2,300 tana nufin bar 1.3 ne daga turbo. Mai saitin ya faɗi gaskiya, ya ce iska na zurarewa a wani wuri, kuma ba zai ƙara komai ba sai an toshe. Amma daga inda yake ba zai iya nuna wurin ba. Ni da bakanikena muka duba tiyo da kilif da ido har sau biyu, ba mu ga komai ba.

A garejin Abuja ko kwamfuta ba a buɗe ba a awa biyun farko. Toshe bakin turbo aka yi aka hura iska bar 1, aka bi mahaɗai da ruwan sabulu. Tiyon da ke fita daga intakula yana da tsaga ta ƙasa wadda ba ta buɗewa sai da matsi. Aka ciro bawul ɗin da ke sakin iska a jikin turbo, robar cikinsa ta yage, aka sa mai fistin a madadinsa. Sai mai garejin ya ce, “Alhaji, yaushe rabon da a duba ƙoƙon famfon mai?” Wannan ɗan ƙoƙon ƙarfe ne tsakanin kamshaf da famfon fetur mai babban matsi, sanannen rauni ne a wannan injin. Da aka sauke matsin mai aka kwance kusoshi uku, baƙin rufin samansa ya cinye har farin ƙarfe ya fito. In ya huje, kamshaf da famfon yake ci tare. Dama a rukuni 230 matsin na faɗowa daga bar 110 zuwa wajen 90 a sama, muna zargin matatar mai. Yanzu duk kilomita 15,000 nake buɗe shi.

Abin da ya dame ni shi ne, gwajin iskar nan da an yi shi a Birnin Kebbi. Kayan aikinsa murfin roba ne da bawul ɗin taya, da kwamfuresan mai faci, da agogon rage matsi. Sai dai a cire murfin baƙin mai lokacin gwajin don kada iska ta taru a cikin inji ta ture sil. Da an yi shi, aka duba ƙoƙon, aka sa sabbin fulogi masu tazarar milimita 0.7, aka tabbatar koyil huɗu lafiya, da tafiyar ba ta zama dole ba.

Bayan gyara mai garejin ya zauna a gefena muka yi ja shida a yini ɗaya, yana sauya lamba nan take, abin da ta intanet ya ɗauke mu mako uku saboda bambancin lokaci. Ya ji santsin kuloci a giya ta biyar da jikinsa, ya rage ƙarfin juyi a ƙasa da 3,000 don ta daɗe. Wannan ba ya fitowa a rukunan da nake turawa. Amma shi ma da man Abuja ya yi aiki, kuma a damina. Na roƙe shi ya bar rata a saitin saboda zafi da man gida, muka yi yarjejeniya zan turo rikodi daga gida idan zafi ya shigo.

Ga wanda zai tambaye ni, in sauyin bai wuce salansa, intakula da matatar iska ba, kuma mota ce da masu saiti suka yi ɗaruruwan irinta, na nesa ya isa, da sharaɗin an gama gwaje-gwajen nan kafin a biya ko kwabo. In an sauya turbo zuwa babban nan, K04, ko nozul, ko cikin famfon mai, a kai ta gaban mai saiti, domin fayil na farko a irin wannan aiki ƙiyasi ne, kuma ba a taka totur har ƙasa a kan ƙiyasi babu mai kallon lambobin a lokacin. Ko wanne aka zaɓa, a tambaya gyara nawa ke cikin kuɗin, kuma a rubuta masa RON 91 da haruffa. Wanda ya turo fayil bai nemi rikodi ba, ko ya ce zai rage jin sensar dukan silinda don lambar ta yi kyau, kada a ba shi mota.

Motar yanzu tana tsayawa a milibar 2,250, lamda, wato ma'aunin cakuɗen iska da mai, wajen 0.80 a cikakken totur, janyewar taimin ƙasa da 3 ko a Afrilu. Duk lokacin da na sauya gidan mai nakan yi ja ɗaya in duba 020 kafin in sake mata ƙafa.