Gidan Attajirin Ulu a Stokesay

Duk mai niyyar zuwa Stokesay, shawarata ita ce ya sauka daga jirgin ƙasa a garin Craven Arms ya ƙarasa da ƙafa. Tafiyar kusan mil ɗaya ce, ta kusa da kogin Onny, kuma ni a kan hanyar nan na fara gane gidan tun ban gan shi ba. Hagu da dama tumaki ne ke kiwo a gangaren tuddan Shropshire, kusa da iyakar Ingila da Wales. Da gashin irin waɗannan dabbobi aka gina Stokesay.

Mai gidan, Laurence na garin Ludlow, ba basarake ba ne, ba kuma mayaƙi ba. Falke ne mai sayen ulu yana kaiwa ƙetaren teku, ya yi arzikin da har sarauta ke rancen kuɗi a hannunsa. Ya sayi wurin a 1281, sannan a 1291 Sarki Edward na ɗaya ya ba shi izinin ƙarfafa gidan da katangar tsaro. A lokacin sarkin ya riga ya ci Wales da yaƙi, hare-haren kan iyaka sun lafa. Sai da na tsaya a bakin gwalalon da ya kewaye gidan na ga abin da wannan zaman lafiya ya haifar: manyan tagogi dogaye suna kallon waje, irin waɗanda mai tsoron kibiya ba zai taɓa yankawa a bangonsa ba. Hasumiyar kudu tana da kauri da kwarjini, ta isa ta tsare ɓarayi, amma a ganina an ɗaga ta ne musamman don matafiyi ya hango ya san akwai mai hali a nan.

Babban ɗakin taron shi ya fi riƙe ni. Yana tuna mini zauren attajiri, inda baƙo da bara da abokin ciniki duk suke haɗuwa. Babu silin, ido na kaiwa har ƙololuwar rufin, ga manyan itatuwa an lanƙwasa an haɗa tun ƙarni na 13. A tsakiyar daɓen ake hura wuta, ba bututun hayaƙi, shi ya sa katakon sama ya yi baƙi. Matakalar da ke hawa hasumiyar arewa kuwa, kowane taki daga gungumen itace aka sassaƙo shi. Na hau a hankali, hannuna a kan makari, ina tunanin masassaƙan da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Abin da na koya a nan shi ne kada mutum ya yi gaggawa. Ya zauna, ya bari sanyin ɗakin ya ratsa shi, sai ya san yadda hunturu yake ga mutanen da rabin tagoginsu ba gilashi, sai marufin katako.

Laurence bai daɗe yana morar gidan ba. A 1294 jirgin ruwan da ya ɗauko ulu ya nitse da shi. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai.

Ƙofar shiga mai ginin katako da sassaƙe-sassaƙe daga baya aka yi ta, wajen 1640. A yaƙin basasar Ingila, a 1645, masu tsaron gidan suka miƙa wuya ga sojojin majalisa ba tare da wani gumurzu ba, daga baya aka rushe katangar waje aka bar sauran. A 1869 wani mai masana'antar safar hannu, John Derby Allcroft, ya saye shi ya gyara ba tare da ya sauya masa kama ba. Na jinjina masa, domin mai kuɗi bai cika iya kame hannunsa daga ƙawata abin da ya saya ba. Yanzu hukumar English Heritage ke kula da wurin.

Daga nan na leƙa tsohuwar majami'ar da ke maƙwabtaka, na bi hanyar ƙafa ta cikin makiyaya zuwa gangaren tudu, inda ake ganin gidan gaba ɗaya da layin dogo a gefensa. A zo da takalmi mai jure taɓo da rigar ruwa, kuma kowace ƙyauren shinge aka buɗe a rufe ta, saboda filayen na manoma ne kuma dabbobinsu na ciki.