Fensir ko tawada: inda aka kwana a zanen Dutsen Kufena

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Tun shigowar hunturun nan na ajiye zanen kofi da buta da takalmi a kan tebur na koma waje, duwatsu da bishiyoyi da gonakin da aka gama girbi, kuma kusan duk abin da na zana Kufena ne, dutsen nan na wajen Wusasa a nan Zariya, saboda shi ne kusa da ni, kuma ba ya motsi, ba ya gajiya, ba ya cewa a nuna masa ya ga ko an ɓata masa hanci. Ga kuma kwanciyar hankali ga masu gudun zana abu mai rai, ai ko Ibn Abbas da mai sana'ar zane ya zo masa da tambaya cewa ya yi in dai dole sai ka yi to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Tsarin da na ɗauka shi ne duk inda na zauna zane biyu nake yi, ɗaya da fensir ɗaya da tawada, wuri ɗaya haske ɗaya, in na dawo gida in jera su in ga wanne ya fi kama da abin da idona ya gani.

Yawancinmu in aka tambaye mu bambancinsu sai mu ce ai fensir ana gogewa ita kuma tawada ta zauna kenan. Haka ne, amma ba nan gizo yake saƙar ba. Inda suka rabu da gaske shi ne wajen nisa, wato yadda za ka sa mai kallo ya yarda cewa wannan kukar tana gabansa, waccan gonar tana can baya, shi kuma dutsen sai an yi tafiya kafin a kai gare shi, alhali duk a kan takarda ɗaya suke shimfiɗe. Kuma babu lokacin da wannan yake fitowa fili kamar lokacin hazo. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, wadda mai yawa daga cikinta daga yankin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana cika tsakaninka da dutsen, sai ka ga Kufena ya zama wani fari-fari toka-toka, babu tsaga babu inuwa, siffarsa kawai a jikin sama, wata ranar ma gefensa da saman sun kusa haɗewa. Bishiyar da ke kusa da kai kuwa baƙa wuluk. Duk abin da ke tsakaninsu hawa-hawa ne, kowane mataki ya fi na gabansa dusashewa.

A nan fensir sarki ne, ba na jayayya. Shi ai tokar a jikinsa take, hannunka ne kawai zai ce masa ƙara ko rage. Abin da ke cikin fensir girafait ne, wani baƙin ma'adini, da aka kwaɓa da yumɓu aka gasa, dabarar da wani Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795 lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun girafait ɗin Ingila, kuma yawan yumɓun ne ke bada lambobin nan da ake rubutawa a jikin fensir, in ya yi yawa fensir ya yi tauri ya yi haske shi ne H, in ya yi kaɗan ya yi laushi ya yi baƙi shi ne B. HB ɗin da muka yi shedin ɗin WAEC da shi yana tsakiya. Ni uku nake fita da su, 2H na dutse da sama, HB na gonaki da bishiyoyin tsakiya, 4B na abin da ke gabana, sai reza don na fi son feƙewa da ita bakin ya yi tsawo in kwantar da shi a gefe in shafa. Dutsen gaba ɗaya da gefen 2H nake yinsa, ba na zagaye shi da layi ko kaɗan, in na gama sai in ɗauki kilina mai laushin nan da ake murzawa kamar cingam in dinga dannawa a gindin dutsen ina ɗauke baƙin, saboda hazo ya fi kauri a ƙasa, saman dutsen ya fi gindinsa fitowa. Wallahi wannan ɗan abin kaɗai ya sa dutsen ya ja baya sosai.

Matsalar fensir ita ce daɗinsa ya yi yawa. Kana shafawa kana murzawa da yatsa ko tishu kana jin kai ne gwani, kafin ka farga sama toka, dutse toka, gona toka, kukar ma toka, babu fari tas babu baƙi ƙirin, zanen ya yi sanyi ya mutu. In ka ce bari ka ceto shi da 6B ka danna da ƙarfi sai wurin ya ɗau ƙyalli, kana ɗaga takardar wajen haske ka ga yana sheƙi. Sannan ga gefen hannu da ke bin takarda yana jan baƙin ko'ina, dole sai ka sa wata 'yar takarda a ƙarƙashin hannun, ga shafin littafin zane da ke goga juna a cikin jaka. Wasu na fesa masa feshin gashi ya riƙe, yana riƙewa ɗin amma yana iya sa takarda ta yi ɗorawa-ɗorawa daga baya, don haka zanen da kake ji da shi kar ka yi masa. Ɗaukar hotonsa da waya kuma wani aiki ne, rabin wahalar da ka sha a sama da dutse ba ta fitowa.

Tawada ba ta san toka ba. Ko baƙi ko takarda, shi kenan. To ya za ka yi hazo da abin da ba ya dusashewa? Wannan tambayar ce ta riƙe ni a 'yan kwanakin nan kuma ita ce ta fi koya min abu. Amsar da na samu ita ce tazara da siranta da kuma haƙurin barin wuri babu komai. Ina amfani da alƙaluman Pigma Micron na kamfanin Sakura na Japan, mai lamba 01 siriri na nesa, 05 ko 08 na kusa. Abin da ke kusa layuka masu kauri a matse, wani wurin ma layi kan layi a gicciye har ya cike. Na tsakiya layukan su ware. Dutsen kuwa layin gefensa ma ba na haɗa shi, in ja kaɗan in ɗaga hannu in bar gurbi in sake ja, wani wurin ɗige-ɗige kawai, ido da kansa yake ƙarasa sauran. Sama ba na taɓa ta sam. Duk lokacin da na ji hannuna yana ƙaiƙayin ƙara layi a jikin dutsen na san nisan ne zan kashe, layi goma a can sun isa su jawo Kufena ya zo ya tsaya a kafaɗar kukar.

Duk da haka in za a faɗi gaskiya, a ranar da hazo ya yi kauri na fensir ne yake fin kama da wurin. Na tawada yana fin kyau a ido amma kamar an wanke iskar, ranar da yake nunawa ta fi wadda na zauna a cikinta haske.

Inda tawada ta rama kuwa shi ne bishiyoyi, kuma ta rama da kyau. Kuka a rani ba ganye, reshe ne kawai a murɗe kowanne da inda ya nufa, ga jikin nan mai naɗe-naɗe, alƙalami yana bin su yana jin daɗi, fensir kuma sai ya mayar da ita wata dunƙulalliyar inuwa. Giginya in ba ka sa kumburin nan da take yi a can saman gangar jikinta ba to ba giginya ka zana ba, kuma ganyenta tsinke-tsinke ne masu kaifi, layi ɗaya ja ɗaya. Gawo shi ne mai rikita sabon mai zane, lokacin da kowa ya kaɗe shi yake da ganye, da damina kuma ya zubar, don haka in kana zanen gona a wannan lokacin shi ne baƙin da za ka jingina sauran zanen da shi. Haka tarin karan dawa a gonaki, haka busasshiyar ciyawa, duk abin da asalinsa layi ne tawada ta fi iya shi. Ko jikin dutsen ma, safiyar da iska ta kwanta ya fito fes, zanen baƙin nan da ruwan sama ya bari yana gangarowa daga sama, in ka bi shi da layuka masu lanƙwasa su ne suke nuna dutsen dunƙulalle ne ba allo ba.

Wanda ba shi da kuɗin waɗancan alƙaluman kar ya ce an bar shi a baya, biron Bic baƙi ya ishe shi, kuma shi wani ɗan tsakani ne, in ka sassauta hannu yana bada layi mai haske kusan kamar fensir in ka danna ya yi baƙi. Sai dai ka riƙe tishu kana goge bakinsa akai-akai don yana tara tawada ya ɗiga maka ita daidai inda ba ka so, kuma kar a rataye zanen inda rana ke bugu, yana koɗewa.

Abin da ya fi burge ni dai a duk wannan gwajin ba a shagon kayan zane na same shi ba. Alƙalamin kara ne na makarantar allo, sillen karan dawa a feƙe shi a tsaga bakin, da kurtun tawadar gawayi da ƙaro. Layinsa ba ya fita iri ɗaya, yana farawa da kauri jiƙe sharkaf, yana tafiya yana bushewa har ya koma wani dusasshen layi mai tsattsage, kuma wannan busasshen ƙarshen shi ne tokar da na ce tawada ba ta da ita. Sai na koma ina tsoma shi in fara da kukar gabana, in ya sha ya rage in wuce gona, in ya kusa ƙafewa in taɓa dutse, tsoma ɗaya ya ba ni nisa uku. Kuma ba ni na fara ba, Van Gogh da ya je Arles a kudancin Faransa a 1888 da alƙalamin da ya yanka daga karan wurin ya yi zanen filaye da gonakin nan nasa, ku nemo zanensa na Montmajour, wani tudu kusa da Arles, ku zuƙo hoton ku gani, kusa dogayen layuka masu kauri, tsakiya gajeru, can nesa ɗige-ɗige ƙanana har su ɓace. Babu shafa babu murza, girman alamar kawai yake ragewa.

Tunda tawadar allo an yi ta ne don a wanke, ruwa yana tayar da ita ko ta bushe, to sai na mayar da wannan riba, in jiƙa buroshi da ruwa zalla in ja a gindin dutsen layukan su narke su zama hazo. Masu zanen duwatsu na ƙasar Sin sun daɗe a kan wannan hanya ta surka tawada da barin fili, tasu tawadar ma baƙin hayaƙi ne da danƙo, 'yar uwar tamu ce, wanda ya duba aikin ɗaya daga cikinsu, Guo Xi, na 1072 zai ga duwatsu suna fitowa suna nutsewa a cikin wurin da kusan ba a sa komai ba. Sai dai fa wannan ba aikin takardar fotokwafi mai giram 80 ba ne, tana shan ruwa take lanƙwashewa tawadar ta yi naso ta baya, sai mai kauri. Kuma a iskar hunturu tawada na bushewa a bakin alƙalami tun kana kallon dutsen kana shawara, kurtun ma in ka bar shi buɗe ƙura ce za ta cika shi.

Maganar haɗa su biyun, a fara da fensir a bi da tawada a goge, ina yi amma kaɗan. Layin da ƙasa ta haɗu da sama, inda dutsen ya fara da inda ya ƙare, tsayin babbar bishiya, iyakarta kenan. In na zana komai da komai da fensir sannan na bi, layin tawadar yana fitowa a tsorace kamar ɗan aji ɗaya yana bin rubutun malami a kan allo. Kuma a jira ta bushe sosai kafin a kawo kilina, musamman biro.

Wanda yake farawa yanzu, shawarata kar ya zauna jiran sai ya ƙware a fensir kafin ya taɓa tawada kamar yadda ake yawan cewa. Kafin babban zane ya yi 'yan ƙanana kamar girman kwalin ashana da biro, minti biyar biyar, ya raba abin da ke gabansa gida uku kawai, baƙi da tsaka-tsaki da fari, ya tilasta wa kansa yanke hukuncin ina ne farin. Ni dai tun da na fara haka zanen fensir ɗina ma ya daina zama toka gaba ɗaya, don yanzu na san wurin da ba zan taɓa ba tun kafin in fara.

Abin da ya rage min shi ne yambari, tawadar nan ta rubutu a takarda da ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera, wadda ruwa ba ya ɗauke ta da sauƙi kamar ta allo. Ina so in yi layukan kusa da ita su tsaya daram, na nesa kuma da ta gawayi in narkar, in ga ko za su zauna lafiya a takarda ɗaya. Bakin alƙalamin karan kuma yana saurin laushi in ya jima a jiƙe, shi ya sa yanzu nake feƙe da yawa in fita da su, mai faɗi da matsakaici da siriri, zan kuma gwada na gamba in ga ko ya fi riƙe baki kafin hazon ya ɗauke.