Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ajin Tsakar Gida

Makon jiya mun tsaya inda na ajiye alli bayan shekaruna na koyarwa a lakwal. Ban gama hutawa ba sai ga baƙi a unguwarmu ta Garin Malam, a Damagaram ta Nijar. Watan Fabrairun 2015 ne, bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa. Cikinsu har da matan Damasak, waɗanda tun Nuwamban 2014 suka ƙetaro kogin Komadugu daga Najeriya. Gudu na biyu ke nan suka yi, tafiyar fiye da kilomita 400.

Wata dattijuwa ta sauka gidan maƙwabtanmu, muna ce mata Iya. Barbarci ne a bakinta, Hausa tsinto-tsinto, Faransanci kuwa ko kalma. Turaren wuta take haɗawa ta kai kasuwar Dole. Ran nan wani ya taya ƙulli ɗaya "ɗari", ta sallama, ya miƙa mata ƙwandala mai lamba 100. Lambar ta san ta tun daga takardar naira, don haka har godiya ta yi. Sai da ta dawo aka gaya mata a nan da dala muke ƙirga, kowace dala sefa biyar ce: wannan ashirin ce, ɗari kuwa ita ce mai 500. Abin ya tsaya mini a rai. A Damagaram, garin da sarautarsa ma daga Barno ta samo tushe, a yi wa Babarbariya haka?

Na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar, mata tara suka zo. Na fara da a, b, c kamar yadda na saba da yara, kuma nan na yi kuskure. Kwana huɗu, saura uku. Iya ce ta ce, "Malama, ba mu ƙi ba, amma wannan ba ya sayo gero."

Washegari na zube kuɗi a faifai. Biyar, goma, ashirin, ɗari, jika: a ɗauka, a faɗi sunan, a nuna lambar, wannan ta saya wannan ta ba da canji. Suka dawo, har da ƙari. Daga nan muka koma takardar likita, muna zana safe da rana da dare kusa da sunan kowane magani. Rubuta suna ya zo daga baya. Waɗanda suka taɓa karatun allo hannunsu dama yake nufa, ban hana ba, na bar su suka fara da ajami. Gaisuwar suna da ta rasuwa kuwa ba a tabarma aka koye ta ba, jan su nake mu je tare, su ma suna koya mini "wushe".

Kafin damina mutumin nan ya sake tsayawa gaban Iya, ya miƙo irin ƙwandalar. Ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Ɗana, wannan ashirin ce. Cika tamanin."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin adashen da muka kafa.