Yadda 'yan techno suka rage wuta

Wai ni kam abin da ke ba ni mamaki da masu kiɗan techno, wato kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, shi ne waɗanda suka fi kowa zafin kai a da su ne suka fara sassautawa. Robert Hood na Detroit a Amurka, da shi aka yi ƙungiyar Underground Resistance tare da Jeff Mills da Mike Banks, kiɗansu kamar ana yaƙi, amma a 1994 ya fitar da faifansa Minimal Nation, ya zubar da duk tarkace ya bar ganga da bes da 'yar ƙara guda tana ta maimaituwa, shi a ganinsa raves, wato manyan fatin rawa na dare, sun mai da kiɗan hayaniya zalla.

Sai Richie Hawtin na Kanada, ɗaya daga cikin masu kamfanin faifai na Plus 8 tun 1990, ya buɗe wani kamfanin, M-nus, a 1998 don irin wannan sassaucin kiɗa, daga baya ya koma Balin ta Jamus, can kuma ga Ricardo Villalobos haifaffen Chile yana jan waƙa ɗaya fiye da minti 10 ba gaggawa. Kafin ka ce kwabo har irin su Adam Beyer na Siwidin da Chris Liebing na Jamus, masu dukan bugu 140 zuwa sama a minti, sun sauko kusan 130, kuma da dalili fa, fati a Balin sai ya kwana ya wuni, wa zai iya tsalle awa 20?

Ni dai na Hood ya fi min, akwai rai a ciki. Wajen 2007 kowa ya samu laftof da manhajar haɗa kiɗa ta Ableton, aka cika kasuwa da ƙwas-ƙwas iri ɗaya wallahi har ya gundure ni.