Daga Dala Zuwa Azare da Sabuwar Gwiwa

Kwana biyar da yi wa Gwaggo tiyatar canjin gwiwar dama aka sallame ta daga Asibitin Ƙashi na Dala, kuma ni aka ɗora wa rakiyarta gida Azare, tunda aikina jinya ne. Mun zaɓi Asabar da gangan. Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, kuma cunkoson motocin shanu na iya riƙe mutum a hanya, abin da ƙafar da aka yi wa aiki ba ta so ke nan.

Tun daren Juma'a na haɗa kayan hanya: kula cike da ledojin ruwa da suka daskare, tawul biyu masu tsabta, filo uku, bandeji na ajiya, safar hannu, ma'aunin zafin jiki, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Takardar sallama da magunguna kuwa a jakar hannu na sa su, domin abin da aka jefa a but ɗin mota ba ya fitowa sai an isa. Kamar minti talatin kafin mu tashi ta sha maganin ciwo. Idan aka bari sai ciwon ya taso a hanya, maganin ba ya kamo shi da wuri.

Shiga motar ma da tsarinsa. An tura kujerar gaba baya har ƙarshe, aka ɗan kwantar da majinginarta. Gwaggo ta juya wa ƙofa baya, ta zauna tukuna, sannan na tallafe diddigen ƙafar aikin muka shigar da ita a hankali. Ta ce, "Kai ɗan nan, sa mini filo a ƙarƙashin gwiwar, ta fi daɗi a lanƙwashe." Na ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo, wannan daɗin ne ke hana ƙafa miƙewa." Filo a ƙarƙashin diddige ake sa shi, gwiwa ta sauka da nauyinta. Wanda ya saba kwana da filo a bayan gwiwa a makonnin farko, naman wurin kan ɗaure a haka, ya ƙare da ɗingishi ko da aikin likita ya yi kyau.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ba don jin daɗi kawai ba: gumi na ɗaga bakin filasta, kuma ta nan ƙura ke samun hanya. Yankan yana tsaye ne a gaban gwiwa, tsawonsa kusan taƙi guda, an kama shi da ƙananan ƙarafa irin na maƙala takarda. A ƙarƙashinsa an goge bakin ƙashin cinya da na ƙwauri an sanya musu ƙarfe, da roba mai tauri a tsakani. Ƙarfe ba shi da jini, saboda haka in ƙwayar cuta ta kai gare shi ta manne, magani kaɗai ba ya cika fitar da ita, sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar an wanke. Duk wannan tsantseni da bandeji dalilinsa ke nan.

Da muka haye gadar Wudil na sa direba ya tsaya. Ya yi mamaki, wai ai yanzu muka taso. Dokar ita ce duk awa guda a tsaya, ta fito ta yi taku na minti biyar da ƙarfen dogarawa. Bayan irin wannan tiyata jini na saurin daskarewa a jijiyoyin sha-raɓa, kuma dogon zama ƙafa a rataye shi ne abin da ya fi jawo hakan. Gudan jinin in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa nan take. A cikin mota kuma tana ta kaɗa ƙafar daga idon sawu, sama da ƙasa, sau ashirin duk bayan 'yan mintuna, kamar mai taka keken ɗinki. Maganin tsinka jinin da aka rubuta mata kullum ne a lokaci ɗaya, har ya ƙare. Galibi mako biyu ake bayarwa, wani likitan ya ƙara.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne ruwan sha. Tsofaffinmu kan ƙi shan ruwa a tafiya don gudun fitsari, ita kuwa ba ta da halin tsuguno a bayan gari. Ƙin shan ruwa na ƙara kaurin jini, ga maganin ciwo mai ƙarfi da ke kawo taurin bayan gida. Dole muka ɗauko kujerar bayan gida mai ninkewa da zanen kariya, sannan ta yarda ta sha.

A Shuwarin na duba ƙafar. Ta kumbura fiye da yadda muka baro Kano, gwiwar da ɗumi, ga shatin jini ya sauko har ƙwauri. Duk wannan ba abin tsoro ba ne a makon farko, ɗumin gwiwa ma kan ɗauki watanni. Na naɗe ledar ƙanƙara biyu a tawul na ɗora minti ashirin. Ba a ɗora ƙanƙara tsirara a fata, musamman da yake gefen waje na yankan a mace yake, saboda wata ƙaramar jijiyar ji da ake yankewa wajen aikin, mutum ba zai ji sanyi na cin fatarsa ba. Bandejin yana da tabo guda kamar kwabo, busasshe. Na zagaye shi da biro na rubuta lokaci, ban buɗe ba. In tabon ya tsallake layin, ko bandejin ya jiƙe sharkaf, sannan za a canza, da hannu wankakke da safa, kuma a sanar da likita.

Daga nan zuwa Jama'are barci ta yi, sai tuddan rage gudu na garuruwa da ke tashin ta, duk da direban na hawansu kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mun shiga Azare kafin azahar, muka tarar da tsakar gida cike da 'yan dubiya. Ƙofar ɗakinta akwai dakali mai hawa biyu: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke fara takawa, wajen sauka kuma ta aikin. Na sa aka naɗe tabarmi da dardumar da ke hanyarta, aka kawo kujera mai hannu wadda tsayinta ya ɗara gwiwa. A kanta za ta riƙa salla. Alwala ba matsala tunda ruwa bai kai gwiwa, amma wanka sai da tsumma, ko a ɗaure wurin da leda, har a cire ƙarafan tsakanin kwana 10 zuwa 14.

Ba a jima ba wata ƙawarta ta fito da man zafi, wata ta ce a dafa ruwa a gasa ƙafar, ai an ce a yi gashin ƙashi. Sunan ne ke ruɗin mutane. Gashin da likita ke nufi motsa gaɓa ne, ruwan zafi kuwa ƙara kumburi zai yi. Na ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri, amma ko man kaɗanya ba zai taɓa wurin nan ba sai ya rufe ruf." Tausar mai ɗori ma haka.

Jikarta da za ta riƙa kwana da ita na zaunar na rubuta mata a bayan kalanda. Sau uku a rana: matse naman cinya a danna bayan gwiwa ƙasa, a ƙirga biyar, sau goma, jan diddige zuwa ɗuwawu a kwance, sau goma, ɗaga ƙafa a miƙe. Abin da ake nema kafin mako biyu shi ne ƙafar ta miƙe sambal, kuma ta lanƙwashe kamar ta mai zaune a kujera. In zafin jiki ya kai 38, ko ja yana yaɗuwa daga yankan, ko mugunya ko wari, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kira likitan a ranar, kada a je kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, don yana ɓoye cutar a gwaji. In sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri, asibiti a ranar. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe, ko tsakar dare ne a nemi mota.

Bayan isha'i na sake haska bandejin da fitilar waya. Tabon yana cikin layin biro, zafin jikinta 37. Ta kwanta rigingine, filo biyu a jere daga sha-raɓa zuwa diddige, tana tambayar ko an ba direba tuwo.