Rabon fayil, rabon bashi: abin da na koya a sabuwar gunduma

Yanke sabuwar gunduma ko ƙaramar hukuma a karkara aikin minti kaɗan ne a bakin mai sanarwa. Abin da ke biyo baya shi ke cin shekaru. Na yi aiki a sashen tsare-tsare na wata hukuma da aka yanko daga tsohuwa, tun muna zaune a ginin aro, kuma abin da na fara ganewa shi ne yawancin aikinmu rabo ne, gini kaɗan ne a ciki. Rabon gado ake yi, sai dai mai dukiyar yana raye, yana kuma zaune a wurin rabon yana cewa wannan nawa ne.

Ƙasashe da yawa sun bi wannan hanya. Nijeriya ta fito da ƙananan hukumomi 301 a gyaran da aka yi a 1976, suka kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996. Ghana ta tashi daga gundumomi 110 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa 216 a 2012, yau tana da 261. Uganda na da 33 a 1986, yanzu sun haura 130. Nijar ta mayar da nata 36 zuwa 63 a 2011. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne ko'ina: a kawo gwamnati kusa da jama'a. Dalilin gaskiya ne, ban raina shi ba. Wanda a da sai ya kwana a hanya kafin ya sa hannu a takarda, yanzu yana zuwa ya dawo kafin la'asar. Amma kusantar ofis daban, samun biyan buƙata a ofishin daban.

A kwamitin rabon kadarori, hankalin kowa yana kan abin da ido ke gani: motoci, tarakta, janareta, kujeru, gidajen ma'aikata. A kan waɗannan ake ɗaga murya. Fayil kuwa ba mai faɗa a kansa, shi ya sa ake barinsa a ɗakin ajiyar tsohuwar hukuma, a ce za a dawo a ɗauka. Daga baya ake gane cewa abin da aka bari ya fi abin da aka ɗauko. Rajistar filaye tana can. Takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma suna can. Yarjejeniyar da aka yi da 'yan kwangila a kan rijiyoyi da azuzuwan da yanzu suka faɗo ɓangarenmu, ita ma tana can. Sai malamin makaranta ya zo ritaya a nemi takardarsa ta farko a rasa. Mu mu ce tana wajensu, su su ce ai mutuminku ne, ba ruwanmu. Shekarun aikinsa ba su ɓace ba, shaidarsu ce ta maƙale tsakanin ofis biyu, kuma fansho ba ya fita sai da shaida. Da za a sake ba ni irin wannan aiki, kafin a taɓa makullin mota ko ɗaya sai an zauna an jera fayiloli, an kwafi na tarayya, kowane ɓangare ya sa hannu a kan abin da ya karɓa.

Bashi ma haka. Kowa na son asibitin, ba mai son ragowar kuɗin ɗan kwangilar da ya gina shi.

Rabon ma'aikata yana da nasa ciwon. Galibi ana cewa kowa ya koma yankinsa na asali, wanda a kunne adalci ne. A aikace sai ka tarar direbobi da masinjoji sun yi mana yawa, alhali akanta mai ƙwarewa da safiyo da injiniyan ruwa duk sun faɗa wancan ɓangaren, don tsohuwar hedikwata ce ta daɗe da makarantu. Sabuwar hukuma takan soma da ƙarin girma na gaggawa, a ɗora mutum kan kujerar da bai taɓa ganin yadda ake zamanta ba. Wasu suna tashi da nauyin, har su ba ka mamaki. Amma shekarun farko na kasafin kuɗi da rubuta rahoto koyo ne ake yi a kan kuɗin jama'a.

Sai rigimar hedikwata da suna. Mutanen da suka haɗa kai shekara da shekaru suna rubuta takardar neman a ba su tasu hukumar, ranar da aka ba su suke rabuwa biyu. Garin da ya fi tarihi yana ganin shi ya cancanta, garin da ya fi kasuwa da titi yana ganin shi ne. Duk wanda ya duba jerin ƙananan hukumomin Nijeriya zai ga sunaye masu kai biyu, irin su Dange/Shuni a Sakkwato, Koko/Besse a Kebbi, Itas/Gadau a Bauchi, Yamaltu/Deba a Gombe. Suna yana iya ɗaukar wurare biyu, sakatariya kuwa wuri ɗaya take zama. A ra'ayina wanda bai sami hedikwata ba ya kamata a fara kai wa aiki na farko mai tsoka, ko asibiti ko makarantar sakandare, tun kafin ƙorafi ya zama gaba. Ba kasafai ake yin haka ba.

Iyaka ita ce na fi daɗewa ina koyo. Takardar da ta kafa hukuma takan lissafa sunayen garuruwa ko mazaɓu ne kawai, ba ta faɗin inda gonar wannan ƙauye ta ƙare ta wancan ta fara. Muddin hukuma ɗaya ce a kansu, ba wanda ya damu. Da an raba, fadamar da ke tsakani ta zama abin tambaya: wa zai karɓi haraji a kasuwar da ke bakin hanya, wa zai yanke filin, wa ke da mashayar? Makiyayi da ya saba bin burtali ɗaya yanzu yana ratsa hukumomi biyu, kowace da rasit ɗinta. Taswirar ofis ba ta warware wannan. Abin da na ga yana aiki shi ne a fita da ƙafa tare da dattawan ɓangarorin biyu da safiyo, a bi rafi da dutse da tsohuwar bishiya, a kafa alama, a rubuta, kowa ya sa hannu tun ana ga maciji da juna.

Da aka ce mu haɗa ɗan littafin tarihin yankin, na ɗauka hutu ne daga lissafi. Ashe nan ne wutar take. Wa ya fara sarar daji? Wane gida ne ya fara riƙe sarauta? Su wane ne suka zo daga baya? Kowace amsa tana da alaƙa da fili ko kujera a yau. Na koyi rubuta ruwaya da sunan masu ita, in ce mutanen gari kaza suna cewa kaza, maimakon in yanke hukuncin da ba ni da hujjarsa. Takardun zamanin Turawa, irin rahotannin kimanta haraji da littattafan gundumomi da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, suna taimakawa wajen sunaye da shekaru, amma su ma jami'i ne ya rubuta abin da tafinta ya faɗa masa. Sun kuma tuna mini cewa ita kanta tsohuwar gundumar da ake kuka an yanka, yankowa aka yi. A Kano, alal misali, a farkon ƙarni na 20 ne Turawa suka haɗe garuruwa suka mayar da su gundumomi masu iyaka, suka ce hakimai su bar birni su koma can da zama.

Alƙaluman jama'a kuwa, sabuwar hukuma takan fara rayuwa ba ta san yawan mutanenta ba. Waɗanda aka ƙirƙira a Nijeriya a 1996 sun tarar an yi ƙidaya a 1991, ba a sake wata ba sai 2006. A tsakani sai haɗe-haɗen lissafin ƙauyuka da ƙiyasi. Mu da rajistar makarantu da ta rigakafin yara muka riƙa gwada ƙiyasinmu, don su ne alƙaluman da wani ya ƙirga da hannunsa.

Maganar kuɗi ita ce ba a son yi ranar murna. Sabuwar hukuma tana zuwa da shugaba, kansiloli, sakatare, ma'aji, shugabannin sassa, motocinsu da ofisoshinsu, alhali manoman da za a karɓi haraji a hannunsu ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba. A Nijeriya ƙananan hukumomi duka suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Ƙarin hukuma ba ya ƙara wannan kaso, sai dai ya ƙara masu hannu a ciki. Tun da wani ɓangare na rabon daidai-wa-daida ake yinsa, yankin da aka raba biyu yana samun riba, sauran kuma kowa ya ragu kaɗan. Wannan ne ya sa neman ba ya ƙarewa, ya kuma sa gwamnatoci suke taka burki. Indonesiya, bayan ta kai gundumomi da birane 514, ta dakatar da ƙirƙirar sababbi tun 2014. Legas ta ƙirƙiri 37 a 2003, gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, har yau kuma sunayen 37 ɗin ba su shiga kundin tsarin mulki ba.

Mutanen da suka fi ba ni tunani su ne na ƙauyukan gefe. Tsohuwar hedikwata ta yi musu nisa, sabuwar ma ta yi musu nisa, wasu ma kasuwarsu da asibitinsu da surukansu duk sun rage a wancan ɓangaren. Ba a tambaye su ba lokacin da ake zana layin. Kafin mu gama ƙaura daga ginin aro, takardar wasu daga cikinsu ta riga ta iso teburin shugaba, suna neman a yanke musu tasu.